Zanen bangon unguwa: da bakin wa bangon yake magana?

A gabashin birnin Alƙahira, a gindin dutsen Muƙattam, akwai wata unguwa da motocin shara suke kwarara cikinta tun da sassafe. Gidajenta benaye ne na jan bulo, yawancinsu ba shafe, a ƙasansu buhunan robobi da kwali da gwangwani jibge har bakin ƙofa. Wanda ya ratsa lungunanta bayan watan Maris na 2016 zai riƙa cin karo da wani abu mai ɗaure kai. Nan an shafa wa bango fari da ruwan goro a karkace, can wata lanƙwasa ta shuɗi ta hau bene ta yanke a bakin taga, gaba kaɗan wani layi mai kauri ya ɓullo ba a san inda ya dosa ba. Sai mutum ya hau dutsen, ya tsaya a wuri guda kusa da majami'ar da aka sassaƙa a cikin dutsen, sannan gutsattsarin nan su taru a idonsa su zama da'ira ɗaya ta rubutun Larabci, shimfiɗe a kan gine-gine kimanin 50.

Abin da rubutun yake cewa shi ne: wanda yake son ya ga hasken rana, to sai ya fara goge idanunsa. Maganar Atanasiyus ce, babban limamin Kiristocin Iskandariyya a ƙarni na huɗu. Wanda ya yi zanen kuwa Musulmi ne, eL Seed, haifaffen Faransa ɗan asalin Tunisiya, kuma sunan da ya ba aikin yana nufin irin kallon da ake yi wa abu.

Na ɗauko wannan aiki ne saboda a cikinsa kusan duk tambayoyin da ke tattare da zanen bangon unguwa suka haɗu. Ana yawan cewa zane kaza "ya fito da halin unguwa". Furta hakan ba wuya. Amma unguwa ba mutum ɗaya ba ce, ba ta da baki ɗaya, kuma bango ba takarda ba ne da in ba ka so za ka naɗe ka ajiye. Duk wanda ke unguwar dole ya wuce ta gabansa safe da yamma. Saboda haka abin da ya kamata a bincika ba kyan fenti ba ne kaɗai. Daga ina maganar ta fito, ta wace ƙofa mai zanen ya shiga, kuma wa ya amfana bayan an sauke tsani?

Sai an san mutanen kafin a gane zanen. Wannan yanki wani ɓangare ne na gundumar Manshiyat Nasir, kuma galibin mazaunansa Kiristoci ne Kibɗawa. Kakanninsu manoma ne da talauci ya koro daga kudancin Masar, musamman yankin Asyut, tun wajen shekarun 1940. Sun zauna a gefen birni, aka yi ta tashinsu daga wuri zuwa wuri, har aka turo su gindin Muƙattam wajen 1970. Sana'arsu bin gidaje su kwashi shara, su kawo ta gida, mata da yara su zauna su tsince ta: roba gefe, takarda gefe, ƙarfe gefe, kwalba gefe. Ragowar abinci kuma a zuba wa aladun da suke kiwo. Masu bincike sun sha ambaton cewa wajen kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso ana sake sarrafa shi, adadin da manyan kamfanonin shara na ƙasashen Turai ma ba kasafai suke kai shi ba. Duk wanda ya san 'yan jari-bola a garuruwanmu ya san irin wannan aiki, ya kuma san irin kallon da ake yi wa masu yinsa.

Mutanen birni suna kiran su Zabbalin, wato 'yan shara. Su kuwa sunan da suke kiran kansu da shi Zarayib, daga kalmar da ke nufin garken dabbobi, domin a wurinsu su makiyaya ne. Bambancin sunayen nan biyu ba ƙarami ba ne. Na farko yana liƙa musu ƙazanta, alhali sharar ba tasu ba ce, ta mutanen da suke toshe hanci idan sun wuce su ce. A 2003 hukuma ta ba kamfanonin waje kwangilar kwashe sharar birnin ba tare da ta kula da su ba. A 2009, lokacin fargabar murar aladu, gwamnatin Husni Mubarak ta ba da umarnin a kashe aladun ƙasar baki ɗaya, wajen 300,000, duk da cewa hukumomin lafiya na duniya sun ce matakin ba shi da amfani. Da aladun suka ƙare, ragowar abinci ya rasa mai ci, sai ga shi yana ruɓewa a titunan Alƙahira. A lokacin ne mutane da yawa suka fara fahimtar wanda yake share musu gari.

To a irin wannan wuri, me baƙo zai rubuta a bango? A nan ne nake ganin eL Seed ya yi abin da ya dace. Bai zo da maganarsa ba. Ya nemi magana daga cikin abin da mutanen suka gada, daga bakin malamin da majami'arsu take girmamawa shekaru sama da 1,600, ya rubuta ta da harshen da suke magana da shi kullum. Ba wannan ne karon farko da ya yi haka ba. A 2012, lokacin da ake ta-da-jijiyar-wuya a Tunisiya tsakanin wasu masu tsattsauran ra'ayin addini da masu fasahar zane, ya zana hasumiyar masallacin Jara a garin Gabes, garin iyayensa, da yardar limamin masallacin. Abin da ya rubuta a kanta aya ce daga Suratul Hujurat, wadda take cewa an sanya mutane al'ummomi da ƙabilu domin su san juna. A wurin Musulmi ya ɗauko daga Alƙur'ani, a wurin Kibɗawa ya ɗauko daga malaminsu. Salon hannun nasa ne, maganar ta masu wurin ce.

Ƙofar da ya bi ita ma abin lura ce. Bahaushe ya ce baƙo ko da ido makaho ne. A wannan unguwa wanda ake jin maganarsa a lokacin shi ne limamin majami'ar kan dutsen, Fada Sama'an, kuma sai da ya amince sannan masu gidaje suka buɗe ƙofofinsu. Ba ƙaramin abu ake roƙonsu ba: a hau rufin gidansu, a rataya abin hawa daga sama, baƙi su yi ta shige da fice ta matakalar da iyalinsu suke bi. Shiri ya ci shekara guda, fentin kansa ya ɗauki wajen mako uku, da ɗaruruwan litoci na fenti. Mai zanen ya ba da labari daga baya cewa da farko lamba ya ba kowane gini don ya iya bin tsarinsa, amma kafin a gama aikin lambobin sun ɓace, kowane gini ya koma ana kiransa da sunan mai gidan, saboda shayin da aka sha da abincin da aka ci a ciki. Wannan ɗan labari ya fi burge ni fiye da hoton da ya zaga duniya.

Yadda aka yi zanen ya haɗu daga nesa kuma lissafi ne. Ana tsayar da wuri ɗaya da za a kalla daga gare shi, a ɗauki hoton unguwar daga nan, a ɗora zanen a kan hoton, sai a ga wane yanki ya faɗa a kan wane bango. Ginin da yake kusa da mai kallo ƙaramin yanki zai ɗauka ya cika ido, wanda yake nesa kuwa sai an faɗaɗa nasa sosai kafin ya yi daidai da na kusa. Mai fenti da yake rataye a hawa na shida ba ya ganin harafin da yake rubutawa, taga da layin bulo kawai yake ƙirgawa. In ya kauce da taku ɗaya, daga kan dutse za a ga harafin ya karye.

A nan ne kuma babban ƙorafin yake, kuma bai kamata a share shi ba. Matar da take zaune a ƙofar gida tana tsince roba ba ta ganin da'irar. Abin da take gani ɓarin fenti ne a bangon maƙwabcinta. Cikakken zanen na wanda ya hau dutse ne, da mai kyamara, da mai kallo a intanet. Sai a ce, ashe ba unguwar aka mayar allo don wasu su karanta ba? Ni a ganina ƙorafin yana da rabin gaskiya. Rabin da ya kuskure shi ne, saƙon dama ba mazauna unguwar aka aika wa ba. Su ba su da buƙatar a ce musu su goge ido, sun san ko su wane ne. Idon da yake da kwantsa na mai kallo daga waje ne, kuma daidai ne a ce shi ne zai sha wahalar hawa dutse kafin ya karanta. Rabin da ya dace kuwa shi ne, fenti bai ƙara wa mai tsince shara ko sisi ba, bai raba ta da tsinken allura da fasasshiyar kwalba da suke cikin buhu ba. A wannan gunduma ce, a yankin Duwaiƙa, dutse ya rufto a kan gidaje a 2008 ya kashe mutum sama da 100. Wanda zai yabi zanen ya yabe shi a kan abin da ya yi, wato ya sa dubban mutane sun ji sunan Zarayib a karon farko. Kada a ɗora masa abin da bai yi ba.

Akwai wata hanyar da zanen unguwa yake fitowa, wadda ba ta jiran baƙo ko kaɗan. A birnin San Diyego na jihar Kalifoniya a Amurka akwai unguwar Bariyo Logan, ta 'yan asalin Meziko. A shekarun 1960 aka tsaga ta biyu da babbar hanyar mota, sannan aka ɗora mata gadar Koronado, wadda aka buɗe a 1969. Gidaje da yawa suka tafi, aka bar mutane da dajin ginshiƙan kankare. An yi musu alkawarin filin shaƙatawa a ƙarƙashin gadar, sai ranar 22 ga Afrilu 1970 suka wayi gari da motocin rusau suna share wurin don gina ofishin 'yan sandan hanya. Ɗalibai da iyaye mata da tsofaffi suka fito suka tare motocin, suka mamaye filin kwana 12 suna shuka itatuwa, har hukuma ta sauko. Daga 1973 suka fara zana ginshiƙan, bisa tunanin wani mai zane ɗan unguwar, Salvador Torres. Suka zana tarihin Aztek, mutanen tsohuwar daular Meziko, da Emiliano Zapata ɗan juyin juya halin Meziko, da Cesar Chavez jagoran ma'aikatan gona, har da wani zane da yake cewa unguwa muke so, ba jujin tsofaffin motoci ba, domin a lokacin an cika musu unguwa da irin waɗannan wurare. Ginshiƙan da aka kafa a kan gidajensu su suka mayar littafin tarihinsu.

Abin da yake nuna zane ya zama na mutane shi ne ko za su tashi su kare shi. Da aka zo ƙarfafa gadar saboda girgizar ƙasa a shekarun 1990, aikin ya so ya lalata zanen, mutanen unguwar suka tsaya kai da fata har aka canja tsarin aikin. Daga baya aka sabunta zane-zanen da hannun waɗanda suka yi su tun farko, kuma a ƙarshen 2016 gwamnatin Amurka ta sa wurin, wanda ake kira Chicano Park, a cikin wuraren tarihi na ƙasa. Har yanzu kowane Afrilu ana bikin ranar da aka ƙwace filin.

Birnin Filadelfiya na Amurka shi kuma ya mayar da abin aikin hukuma. A 1984 magajin gari Wilson Goode ya kafa shirin yaƙi da rubuce-rubucen da matasa suke fesawa a bango, aka ɗauki wata mai zane, Jane Golden, ta jawo matasan nan su koma zanen da aka yarda da shi. Shirin ya girma har ya samar da ayyuka sama da 4,000. Abin koyi a wurinsu shi ne tsari: a zauna da mutanen unguwa, a kawo zanen gwaji a takarda, su ce a cire wannan a ƙara wancan. Sun kuma saba yin zanen a kan wani yadi mara nauyi da ake yankawa gida-gida, yara da tsofaffi su zauna a ƙasa su cika launi, sannan a manna shi a bango. Ta haka wanda ba zai iya hawa tsani ba ma hannunsa yana cikin aikin.

Sai kuma ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. A Mayami ta Amurka, unguwar Wynwood a dā ta ma'aikata ce, da yawansu 'yan asalin Puwato Riko, da tsofaffin rumbunan ajiye kaya. A 2009 wani attajirin dillalin gidaje, Tony Goldman, ya gayyato mashahuran masu zane daga ƙasashe daban-daban suka cika bangayen rumbunan da ya saya. Zanen ya yi kyau, masu yawon buɗe ido suka cika wurin, kuɗin haya ya tashi, tsofaffin mazauna da ƙananan masu fasahar da suka fara raya wurin suka kama barinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Fenti ɗaya ne da na San Diyego, bangon ma kankare ne iri ɗaya. Bambancin shi ne a can mutanen unguwa ne suka riƙe filin kafin su zana shi, a nan kuwa mai filin ne ya yi amfani da zanen ya ɗaga farashin kayansa. Shi ya sa idan na ji an ce za a "ƙawata" wata unguwar talakawa, tambayar da nake fara yi ita ce: mazaunanta masu gida ne ko 'yan haya?

Mu Hausawa wannan magana ba baƙuwa ba ce gare mu, ko da yake sunanta ya zo mana daga waje. Wanda ya taɓa yawo a cikin birnin Zariya, ko tsohon birnin Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ya ga fuskar zaure da aka yi wa zane tun laka tana ɗanye. Magini yana bin shafen da yatsunsa, yana fitar da dagi da sarƙaƙƙun layuka a kewayen ƙofa, a shafe da makuba don ruwa kada ya ci, zankwaye suna tsaye a sama. Sana'a ce mai sarauta, da Sarkin Magina, da manyan gwanaye irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kuma zanen yana tafiya da zamani. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce magina sun riƙa sa keke da agogo da takobi da mota, har da jirgin sama, a fuskar gidajen attajirai. Mai wucewa yana duban zaure ya san matsayin mai gidan da abin da yake alfahari da shi. Gida ɗaya ɗaya ake yi, amma idan suka jeru a layi sai su zama fuskar unguwa.

Yau dubi abin da bangayenmu na bulo da siminti suke ɗauke da shi: hoton ɗan takara a kan hoton ɗan takara, tallan maganin basir da lambar waya, da "An hana fitsari a nan" da gawayi. Wannan ma magana ce bangon yake yi, sai dai ba mu muka zaɓe ta ba. Abin yana damuna, domin gwanintar ba ta mutu ba. Tana nan a hannun masu zayyanar allo, da masu ɗinkin aska takwas a babbar riga, da masu zanen bayan manyan motoci, da masu shafen da suke fitar da dagi da siminti. A Nima, zangon da Hausa ce harshen kasuwarsa a birnin Akra na Ghana, matasa masu zane sun kafa ƙungiya suka sa mata suna da kalmar "muhimmanci", suna zana bangayen unguwarsu, kuma daga wannan unguwa Mohammed Awudu ya fito, wanda zanensa ya kai ƙasashen waje.

Idan za a yi irin wannan a garuruwanmu, akwai abubuwa biyu da suke namu ne mu warware, ba wanda zai warware mana daga Amurka. Na farko zancen zana mai rai. Malamai da yawa suna ƙyamar sa, kuma mutanen unguwa da dama ba za su so su fito daga masallaci su yi ido biyu da fuskar mutum mai tsayin bene ba. Ba sai an yi rigima a kan haka ba, domin gadonmu na zane dama ba a kan fuska ya ginu ba, a kan layi da ƙulli da harafi ya ginu, kuma aikin Muƙattam ya nuna harafi kaɗai yana iya ɗaukar nauyin unguwa guda. Na biyu ya fi shi tsauri: me za a rubuta? Aya a saman hasumiya daban, aya a bangon lungu inda kwata take bi da awaki suke goga jiki daban. A irin wannan bango gara karin magana, ko baitin waƙar da aka san ta a garin, ko kirarin unguwar, a boko ko a ajami. Unguwannin marina da maƙera da majema da dukawa sunansu kaɗai ya isa ya ba mai zane abin da zai fara da shi, in ya zauna da mai unguwa da dattawa, ya kuma nemi jin ta bakin matan da suke cikin gidajen da za a shafa wa fentin.

Saura zancen gyara, wanda masu ɗaukar nauyin irin wannan aiki suka fi mantawa da shi. Zanen laka na gidajenmu na dā ana sabunta shi bayan damina, kuma mai gidan ya san nauyinsa ne. Fenti a kan siminti ba shi da wannan al'ada. Rana tana cin launi, musamman ja da ruwan goro, ƙurar hunturu tana dusashe shi, danshi yana tasowa daga ƙasa ya ɓamɓare shi. A Muƙattam akwai ƙarin wata matsala. A irin waɗannan unguwanni na Alƙahira ana barin rodi tsaye a saman gini, domin idan ɗa ya isa aure a ɗora masa hawa guda. Duk hawan da aka ƙara a gaban zanen zai rufe wani yanki na harafi daga idon wanda yake kan dutse, kuma ba wanda yake da hurumin ya ce wa mai gida kada ya gina wa ɗansa ɗaki saboda da'irar ta zauna cikakkiya.